Me Ya Sa Imel Ɗin Da Aka Tura Daga Intanet Ɗin Gida Yake Dawowa? Tambayoyi Da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi fitowa daga bakin masu ƙananan ofisoshi, masu gyaran kwamfuta, da ɗaliban da suka fara haɗa sabar wasiƙu tasu, wato kwamfutar da ke karɓa da isar da imel. Kukansu ɗaya ne: intanet yana aiki, WhatsApp yana shiga, shafuka suna buɗewa, amma imel ɗin da na'urarsu ta tura ko dai ya dawo, ko ya maƙale a hanya. Wanda yake cikin gaggawa ya wuce kai tsaye zuwa tambaya ta 7 da ta 11.

1. Me ake nufi da cewa an toshe imel daga layin gida?

Imel ba ya tashi daga wayarka ya faɗa wayar wanda ka rubuta wa. Zango biyu yake yi. A na farko, na'urarka tana miƙa saƙon ga sabar kamfanin da ka buɗe akwati a wurinsa, Gmail ne ko Yahoo ko sabar ofishinku, bayan ta ba da suna da kalmar sirri. A na biyu, wannan saba ta nemo sabar mai karɓa ta miƙa mata. Zango na biyu ba shi da kalmar sirri, domin dole kowace sabar wasiƙu ta saurari baƙon da ba ta taɓa gani ba, in ba haka ba babu wanda zai iya rubuta wa wanda bai sani ba.

Toshewar da muke magana a kai a zango na biyu take. Idan na'urar da ke kan layin gida ta tsallake na farko, ta tafi wurin sabar mai karɓa da ƙafarta, sai sabar ta duba adireshin IP ɗin da ta zo da shi, wato lambar da ake gane layinta da ita a intanet. Da ta ga yana cikin rukunin da kamfanin intanet ya ware wa gidaje da wayoyi, sai ta katse magana tun kafin ta ga kan saƙon, balle abin da ke cikinsa. Gaisuwar sallah ce ko rasit ɗin kwastoma, hukuncin ɗaya ne.

2. Ni dai Gmail nake buɗewa a waya. Abin ya shafe ni?

Bai shafe ka ba. Duk wanda yake rubutu ta manhajar Gmail, Yahoo ko Outlook, ko ta shafinsu a burauza, sabar kamfanin ce take yi masa zango na biyu, kuma adireshinta ake dubawa, ba nasa ba. Idan saƙonka yana faɗawa akwatin Spam na mutane, dalilin wani ne daban. In kuwa ya dawo kuma an ambaci adireshin layinka a ciki, duba tambaya ta 14.

3. To su wa abin yake samu?

Duk wanda yake da na'urar da ke tura imel da kanta. Firintar ofis mai sikanin takarda ta aika ta imel. Na'urar naɗar hoton kyamarorin tsaro da aka saita ta yi ƙara in ta ga motsi da dare. Manhajar lissafin shago mai tura rasit, ko ta makaranta mai aika wa iyaye sakamakon jarrabawa. Shafin da mai koyon aiki ya gina a kwamfutarsa yana gwada fom ɗin rajista. Sai kuma wanda ya ɗora manhajar sabar wasiƙu irin Postfix ko Exim a tsohuwar kwamfuta a kusurwar ɗaki, yana son wasiƙunsa su zauna a hannunsa.

Mafi yawan waɗannan ba sabar wasiƙu suke so ba, saƙo kawai suke so ya fita, kuma gyaransu bai wuce canza layi uku ko huɗu a saituna ba. Rukuni na ƙarshe ne aikinsa yake da yawa, shi ya sa aka ba shi tambaya ta 15.

4. Laifin me adireshin gida ya yi aka yi masa wannan hukunci?

Ƙa'idar tura imel, SMTP, Jon Postel ne ya rubuta ta a 1982, lokacin da masu amfani da hanyar jami'o'i ne da cibiyoyin bincike da suka san juna. Ba a sa mata hanyar tantance mai turowa ba. Da intanet mai sauri ya shiga gidaje a Amurka da Turai a farkon shekarun 2000, sai masu watsa saƙonnin banza suka gane cewa ba sai sun yi hayar saba ba. Kwamfutocin mutane suna nan a kunne dare da rana, babu mai gadinsu. A 2003 manhajar ɓarna mai suna Sobig ta bazu ta imel, tana mayar da kwamfutar da ta kama mashigar da za a riƙa tura talla ta cikinta ba da sanin mai ita ba. Storm ta biyo baya a 2007, ga kuma Cutwail da Rustock, kowace da dubban ɗaruruwan kwamfutocin gida a ƙarƙashinta.

Girman abin ya fito fili a Nuwamba 2008, da aka yanke wa kamfanin McColo na Kalifoniya intanet. A wurinsa wasu daga cikin sabobin da ke ba waɗannan kwamfutoci umarni suke, kuma cikin kwana guda saƙonnin banza a duniya suka ragu da fiye da rabi, kafin daga baya su farfaɗo. A Maris 2011 Microsoft ta samu umarnin kotu ta rushe Rustock, wadda ta ce tana riƙe da kwamfutoci kusan miliyan guda. Masu kula da sabobi suka yi lissafi mai sauƙi: cikin duk abin da ke zuwa kai tsaye daga layin gida, na kirki ɗan kaɗan ne, kuma mai na kirkin yana da wata hanyar da zai bi.

Abin ya yi kama da aika kaya ta mota. In ka kai tasha, 'yan ƙungiya sun san direban, sun san lambar motarsa, in kaya ya ɓata akwai wanda za a riƙe. Motar da ta tsaya a bakin titi tana iya zama ta mutumin kirki, amma yau wannan ne a sitiyari, gobe wani. Adireshin gida haka yake: yau naka ne, gobe an ba maƙwabcinka, don haka ba a iya gina masa suna, mai kyau ko marar kyau.

5. Wa yake riƙe da jerin adiresoshin, kuma yaya ake duba shi?

Ba hukuma ɗaya ba ce. Jerin toshewa na farko Paul Vixie da abokin aikinsa Dave Rand ne suka kafa shi a 1997 da sunan RBL. Wanda aka fi dogara da shi yau na Spamhaus ne, ƙungiyar da Steve Linford ya kafa a 1998, kuma jerinta na layukan gida, PBL, ya fara aiki a 2007. Akwai wani tsohon jeri, SORBS, mai irin wannan sashe, amma an rufe shi a Yuni 2024. Google da Microsoft da Yahoo suna da nasu bayanan na cikin gida da ba sa bugawa.

Spamhaus ba ta tsaye a kan hanya tana tare wasiƙu. Jeri kawai take wallafawa, mai saba ne yake zaɓar ya yi aiki da shi. Tambayar ta DNS ake yin ta, tsarin da ke fassara sunaye zuwa lambobi a intanet: idan baƙo ya zo da adireshi 203.0.113.7, sabar takan juya lambobin ta nemi 7.113.0.203.zen.spamhaus.org. In babu amsa, adireshin ba ya cikin jeri. In an dawo da lamba mai farawa da 127.0.0, yana ciki, kuma lambar ƙarshe ce take faɗin wane sashe. Duk wannan ba ya cin daƙiƙa guda.

6. Na duba, an ce ina cikin PBL. Yana nufin na kamu da bairos ke nan?

A'a, kuma a nan mutane da yawa suke tayar da hankalinsu a banza. PBL ba jerin masu laifi ba ne. Cewa kawai yake yi: wannan adireshi na rukunin da bai kamata ya tura imel kai tsaye ba ne. Lambar 127.0.0.10 tana nufin kamfanin intanet ɗinka da kansa ya miƙa rukunin, 127.0.0.11 kuma Spamhaus ce ta sa shi bisa abin da ta gani. Layin gida mai lafiya lau wurinsa ke nan, kuma zamansa a ciki ba ya hana ka komai sai wannan abu guda.

Sauran sassan ne masu nauyi. 127.0.0.2 na SBL ne, adiresoshin da aka samu da hannu a watsa saƙon banza. 127.0.0.3 na CSS ne, wanda na'ura ce take cika shi da masu turawa da alamun rashin gaskiya. 127.0.0.4 na XBL ne, wato an ga alamar na'urar da aka kama a bayan adireshin. Wanda ya ga wannan ta ƙarshe ya karanta tambaya ta 13. Shafin check.spamhaus.org yana nuna sashen da dalilinsa, kyauta.

7. Yaya zan gane abin da ya faru daga saƙon da ya dawo?

Kada ka goge shi. Gangara ƙasa ka nemi layin da ya fara da lamba uku. Mai farawa da 4, kamar 421 ko 451, ƙin wucin gadi ne, sabar kirki za ta ci gaba da gwadawa har kwana huɗu ko biyar. Mai farawa da 5 ƙi ne na dindindin, sake turawa ba ya canza komai. Sabar da ke aiki da Postfix takan rubuta wani abu kamar haka: 554 5.7.1 Service unavailable; Client host [203.0.113.7] blocked using zen.spamhaus.org. Layin ya gaya maka komai: adireshin da aka ƙi, da jerin da aka duba.

Gmail takan ba da 550 5.7.1 tare da bayanin cewa ba a yarda wannan adireshi ya turo mata kai tsaye ba, a bi ta sabar kamfanin da ke ba ka hidima. In ta ba da 550 5.7.25, adireshin ba shi da sunan baya na PTR da aka yi bayani a tambaya ta 15. Outlook da Hotmail sukan ce wani ɓangare na layin kamfaninka yana cikin jerinsu, da lamba irin S3150 a ƙarshe.

Wani lokacin kuwa babu abin da zai dawo. Firinta ta yi ta juyi ta ce lokaci ya ƙare. Wannan yawanci ba mai karɓa ba ne, kamfaninka ne ya rufe ƙofa tun daga gida, kamar yadda tambaya ta gaba ta nuna.

8. Mene ne bambancin ƙofa ta 25, ta 587 da ta 465?

Waɗannan lambobi su ne ake sawa a gurbin da aka rubuta Port a saituna. Ta 25 ta tsakanin saba da saba ce, zango na biyu. Ta 587 an ware ta tun 1998 domin zango na farko, inda mai akwati yake ba da kalmar sirri, ana kuma rufe maganar da STARTTLS don kada wani ya karanta ta a hanya. Ta 465 aiki ɗaya suke yi, sai dai ita a rufe take tun daga kalmar farko, kuma ƙa'idar da aka fitar a 2018 ta tabbatar mata da wannan matsayi.

Kamfanonin intanet da yawa sun rufe ƙofa ta 25 ga layukan gida, shawarar da hukumar FTC ta Amurka da MAAWG, ƙungiyar kamfanoni masu yaƙi da saƙonnin banza, suka ba su tun 2005. Starlink ma ta rufe ta. Gwaji yana da sauƙi: a PowerShell na Windows rubuta Test-NetConnection gmail-smtp-in.l.google.com -Port 25, a Linux kuma telnet da wannan suna da 25. In ka ga layi mai farawa da 220, ko PowerShell ta ce True, a buɗe take. In ta yi shiru har ta gaji, a rufe take.

9. Da datar waya ko MiFi nake aiki. Me ya sa aka ce adireshina ya yi abin da ban yi ba?

Domin adireshin ba naka ba ne kai kaɗai. Adiresoshin tsohon tsari, IPv4, kusan biliyan 4.3 ne duka-duka, kuma babbar ma'ajiyarsu ta ƙare a Fabrairu 2011. Kamfanonin waya suna da masu layi da suka ninka adiresoshin da ke hannunsu nesa ba kusa ba, sai suka koma tsarin CGNAT, inda mutane masu yawa suke fita duniya da adireshi guda. A Najeriya da Nijar, inda akasarin jama'a ta layin waya suke shiga intanet, wannan shi ne halin da kusan kowa yake ciki. Wayar wani da ba ka sani ba a wata unguwa tana iya ɓata sunan adireshin da kake kai yau.

Don ka tabbatar, shiga shafin rautarka ka duba adireshin da ta samu daga kamfani. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya bambanta da wanda shafukan duba IP suke nuna maka, a bayan CGNAT kake. Mai irin wannan layi kada ya ɓata lokacinsa wajen neman a cire adireshi daga jeri. Ba shi da iko da shi, kuma gobe wani za a ba shi.

10. Anya ba don ina Najeriya ba ne? Kowa ya san sunan da 'yan 419 suka ja mana.

Game da PBL, a'a. Layin gida a Landan, a Barlin ko a Shikago yana cikinsa daidai da na Kano ko Maraɗi, kuma kwamfutocin da suka jawo dokar a tambaya ta 4 yawancinsu ba a Afirka suke ba. Masu damfarar ma ba daga sabar ɗakinsu suke turawa ba, akwatunan kyauta da na sata suke amfani da su.

Amma ba za a ce zargin ba shi da tushe ba. Akwai masu kula da sabobi a waje da sukan toshe ƙasa sukutum, ko su ƙara wa duk saƙon da ya fito daga cikinta makin tuhuma. Wannan ragwanci ne, kuma ɗan kasuwa mai gaskiya da ɗalibi mai neman gurbin karatu ne yake cutarwa. Ana gane shi idan adireshinka ba ya cikin wani jeri, sunayenka na DNS daidai suke, kowa yana karɓar saƙonka sai wuri guda. Maganinsa a kira su ta waya, a nemi su sa domen ɗinka, sunan da ke bayan alamar @ a adireshin imel ɗinka, cikin waɗanda suka amince da su.

11. Firintarmu da kyamarar tsaro sun daina aika imel. Me zan canza?

Ka mayar da su zango na farko. A saitunan SMTP na na'urar, sa sunan sabar da akwatinka yake, misali smtp.gmail.com, ƙofa 587 da STARTTLS ko 465 da SSL, kunna tantancewa, sa cikakken adireshin imel a gurbin suna. Adireshin mai turowa ya zama shi ne dai wannan akwati, kada a ƙirƙiro wani.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne kalmar sirri. Tun ƙarshen Mayu 2022 Google ta daina barin irin waɗannan na'urori su shiga akwatin Gmail da kalmar sirri ta yau da kullum. Sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, sannan ka ƙirƙiri kalmar sirri ta manhaja, mai haruffa 16, ita za ka ba firinta. Ka buɗe wa na'urorin akwati nasu daban, kada ka ba su na shugaban ofis, domin duk wanda ya samu shiga saitunan firinta ya kusa samun akwatin. Ka kuma duba agogon na'urar: in an ɗauke wuta kwanan watanta ya koma shekarun baya, za ta ƙi takardar shaidar sabar, saƙo ba zai fita ba, kai kuma ka yi ta zargin layi.

Akwatin Gmail na kyauta iyakarsa saƙo 500 a rana. Makarantar da za ta aika wa iyaye dubu sakamako a yini guda ta nemi kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su Amazon SES, Mailgun ko Brevo.

12. Zan iya cire adireshina daga PBL?

Za ka iya, in adireshin tsayayye ne da aka ba ka kai kaɗai, kana da sabar wasiƙu a kansa, kuma an sa masa sunan baya. Ana nema ta shafin da aka ambata a tambaya ta 6, za su aiko da saƙon tabbatarwa, kuma ba sa karɓar adireshi irin na Gmail ko Yahoo, sai na domen ɗinka. Cirewar ta wani wa'adi ce, ana sabunta ta, kuma in aka ga saƙon banza ya fito daga wurin za a mayar da shi. Wasu kamfanonin da suka miƙa rukuninsu da kansu ba sa yarda a cire, sai a yi magana da su.

Fita daga PBL ba ya buɗe ƙofa ta 25 in kamfaninka ya rufe ta, ba ya kuma tilasta wa Gmail ko Outlook su karɓe ka.

13. An ce ina cikin XBL, kuma adireshin nawa ne ni kaɗai. Ina zan fara?

Kada ka fara da neman cirewa, domin in ɓarnar tana nan adireshin zai koma. Fara da rufe ƙofa ta 25 mai fita a rauta ga kowace na'ura in ban da sabar wasiƙu, ka kunna rajista ka ga wa yake ƙoƙarin bi ta nan. Sau da yawa ba kwamfutar da ake zargi ba ce.

Salon ɓarnar ya canza. Yanzu abin da ake nema a wurinka layinka ne, a sayar wa wasu su riƙa fita ta cikinsa. A Mayu 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta sanar da rushe 911 S5, hanyar sayar da layukan mutane irin wannan, wadda ta ce ta taɓa adiresoshi fiye da miliyan 19, kuma ta manhajojin VPN na kyauta ta shiga kwamfutocin mutane. A Yuni 2025 hukumar FBI ta yi gargaɗi kan manhajar ɓarna BADBOX 2.0, wadda ake samu a akwatunan talabijin masu araha na Android, wasu da ita suke fitowa tun daga kwali. Don haka a binciki akwatin kallon ƙwallo da ke falo, da VPN ɗin kyauta da yara suka sauke, da manhajar da aka fasa don gudun biyan lasisi, da rautar da har yau kalmar sirrin masana'anta ce a kanta. In an kawar da tushen, adireshin yakan fita da kansa bayan ɗan lokaci, ko a nema a cire shi.

14. Ta 587 na bi da kalmar sirri, amma an ƙi saƙona an ambaci adireshin gidana. Ta yaya?

A nan laifin ba naka ba ne. Kowace saba da saƙo ya ratsa takan rubuta layin Received a samansa, kuma a wasu tsare-tsaren layi na ƙasa yana ɗauke da adireshin da ka zauna ka yi rubutu. Matatar da aka saita ba daidai ba takan bi waɗannan layuka ɗaya bayan ɗaya tana duba su a PBL, ta tarar da na gidanka, ta ƙi saƙon. To ai kowa daga gida ko waya yake rubutu. Spamhaus da kanta ta hana a yi haka: adireshin da ya haɗu da sabarka kai tsaye kaɗai ake dubawa.

Wani nau'in kuma, sabar ofishinku ce take duba ma'aikatanta a jerin ko da sun ba da kalmar sirri, sai ka ga imel yana fita a ofis, ba ya fita a gida. A duka biyun, tura wa mai kula da sabar cikakken saƙon da ya dawo, ka nuna masa tambaya ta 18. Kafin ya gyara, turawa ta burauza takan wuce.

15. Ina son sabar wasiƙu tawa. Babu hanya ke nan?

Akwai uku. Mafi sauƙi, sabar ta zauna a gida amma duk abin da za ta fitar ta miƙa shi ta 587 ga sabar da ke da suna. A Postfix layin relayhost ne da fayil ɗin kalmar sirri, aikin rabin sa'a. Ta biyu, hayar ƙaramar saba a cibiyar bayanai. Ka tambaya kafin ka biya, domin Google Cloud tana toshe ƙofa ta 25 mai fita, Amazon kuma sai ka cika fom ka nemi a sake maka ita, kuma ka duba adireshin da aka ba ka a jeri tun ranar farko, don wani ya riga ka zama a kansa. Ta uku, layin kasuwanci mai tsayayyen adireshi, da alkawari a rubuce cewa za a buɗe ƙofar a kuma sa maka PTR.

Kowace ka bi, abu huɗu ne ya kamata ka sani. PTR shi ne sunan da adireshin yake amsawa in an tambaye shi ta baya, mai adireshin kaɗai ke iya sa shi, kuma dole sunan ya sake nuna wannan adireshi. SPF yana faɗin sabobin da ka yarda su tura da sunan domen ɗinka. DKIM sa hannu ne na lissafi a kan kowane saƙo. DMARC yana gaya wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da bai tsallake SPF da DKIM ba. Daga Fabrairu 2024 Google ta wajabta wa duk mai turo mata SPF ko DKIM, da sunan gaba da na baya masu dacewa, da rufe magana da TLS, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Mai tura 5,000 a rana sai ya haɗa SPF, DKIM da DMARC da hanyar da mai karɓa zai daina samun saƙonninsa da danna ɗaya. Yahoo ta yi irin wannan a lokaci guda, Microsoft ta biyo baya a Mayu 2025.

Sabon adireshi ba a fara shi da yawa. Kaɗan-kaɗan, zuwa ga mutanen da za su buɗe su amsa, har masu karɓa su saba da shi.

16. VPN ko IPv6 ba za su warware ba? Wani shafi kuma ya ce in biya a cire ni.

VPN na kasuwa yawanci sun rufe ƙofa ta 25, kuma adiresoshinsu sun fi na gida baƙin jini. IPv6, sabon tsarin adiresoshi, yana ba ka adireshi naka, amma Gmail ta fi tsanantawa a kansa, kuma kamfanoni kaɗan ne suke sa wa layin gida PTR.

Kuɗi kuwa, kada ka biya. Spamhaus ba ta karɓar ko sisi don cirewa. Shafukan da ke duba jeri da yawa a lokaci guda, irin MXToolbox, sukan nuna ja a wasu ƙananan jerin da ke sa kamfani gaba ɗaya saboda laifin wasu, sannan su nemi kuɗin cirewar gaggawa. Jerin da aka ambata a saƙon da ya dawo maka shi kaɗai ne damuwarka.

17. Wannan ba danniya ba ce ga ƙaramin mutum?

Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na son a rufe ta. An gina imel ne yadda kowa zai iya kafa sabarsa ya yi magana da kowa, yau kuwa kamfanoni kaɗan ne suke yanke wanda za a saurara. Nauyin kuma ba daidai ya faɗa wa kowa ba. A inda tsayayyen adireshi yake da tsada ko babu shi sam, kuma hayar saba a waje da dala ake biya, saurayin da yake son ya koyi wannan aiki da hannunsa yana fara tafiya ne da gibi.

Duk da haka ina ganin PBL ita ce mafi adalci cikin matatun da ake da su. Tana ƙi a fili, tana faɗin dalili, tana da hanyar fita kyauta, kuma wanda ta tare yana da ƙofa ta 587 a buɗe. Abin da ya fi cancanta a yi ƙorafi a kai shi ne sabar da za ta ce ta karɓa sannan ta jefar da saƙo a ɓoye, mai turowa yana jiran amsa, mai karɓa bai san an rubuto ba. Da kuma kamfanin intanet da zai sayar maka da layin kasuwanci, ka nemi PTR, a rasa wanda ya san abin da kake nufi.

18. Ni ne mai kula da sabar ofishinmu. In kunna wannan jeri?

Kunna, amma a ƙofa ta 25 kaɗai, kuma a kan adireshin da ya haɗu da kai. A Postfix, permit_mynetworks da permit_sasl_authenticated su zo kafin reject_rbl_client, sannan ƙofofin 587 da 465 su kasance ba su da wannan dubawa sam. In kana da matatar SpamAssassin, ka cika trusted_networks da internal_networks daidai, don da su take gane wane ne baƙo na ƙarshe. Ka ƙi saƙo tun ana kan layi, da bayani mai ɗauke da sunan jerin, kada ka karɓa ka mayar daga baya, domin adireshin mai turowa na saƙon banza yawanci na bogi ne, wanda ba ruwansa za ka dama.

Kada ka yi tambayar ta sabar DNS ta jama'a irin 8.8.8.8. Spamhaus ba ta amsa ta nan, lambar kuskure 127.255.255.254 take dawowa da ita, kuma sabar da ta ɗauki duk amsa a matsayin laifi za ta ƙi wasiƙun kowa da kowa. Ɗora manhajar DNS irin Unbound a kan sabar, ko ka yi rajistar DQS, hidimar tambaya ta Spamhaus, sannan ka ƙayyade lambobin da za ka yi aiki da su, kamar zen.spamhaus.org=127.0.0.[2..11]. Gwada da 2.0.0.127.zen.spamhaus.org, wanda dole ya ba da amsa, da 1.0.0.127.zen.spamhaus.org, wanda dole ya zo babu komai. In har yanzu akwai SORBS a saitunanka, cire shi.